Kwantaccen Cikin Rahamatu

Ranar da Rahamatu ta cika wata huɗu da kwana goma da rasuwar mijinta, ta tashi da sassafe ta ɗora ruwan wanka, ta kwaɓa lalle a ƙoƙo, ta ciro atamfar da za ta ɗaura daga ƙasan akwati. Yayanta Musaddiƙ ya taso tun daga Gwiwa a kan babur, da ƙunshin goro da turare, don a yi sadakar fitar takaba. Ruwan bai kai ga tafasa ba surukarta, Inna Tasalla, ta fito daga ɗaki ta janye itacen daga murhu ta turbuɗa shi cikin toka.

"Ba yau ba," in ji tsohuwar. "Mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauke."

Rahamatu ta dube ta, ta dubi cikinta da yake a shafe kamar na budurwa. Gaskiya ne lokacin da ciwo ya kwantar da Muhammadu Lawal tana da shigar ciki. Shi ya sa da ya ga jikin ba na tashi ba ne ya sa aka kira masa Liman da ƙaninsa Sama'ilu, ya ce wa ƙanin ya riƙe masa 'ya'yansa mata biyu da fadamarsa, kada a taɓa komai sai Rahamatu ta haihu. Iyakar wasiyyarsa ke nan. Ba a rubuta ba, ba a faɗi abin da ya bari ba, ba a kuma sa wani ya riƙa duba hannun mai riƙon ba. To amma bayan sadakar bakwai jini ya ɓalle mata, ta yini tana murƙususu, kuma ta san abin da ya fita daga jikinta. Inna Tasalla ce kaɗai a kanta ranar, ita ta kwashe tsummokaran ta binne a bayan ɗaki. Ba su sake tayar da maganar ba, Rahamatu ta ɗauka an gama.

Ashe a wurin Inna ba a gama ba. Ta ce jini ne kawai ya zuba, ita ba ta ga wani abu mai siffa ba. Firgitar mutuwa ce ta sa cikin ya koma ya kwanta, kamar yadda ya taɓa kwanta wa wata ƙanwar kakarta shekara uku, daga baya ya tashi aka haifi namiji har da haƙora.

Aka kira Liman zaure. Rahamatu ta durƙusa daga bayan ƙyaure, Liman ya tambaye ta ko ta tabbata abin da ya fita ɗa ne. Yaya za ta buɗe baki ta siffanta wannan a gaban yayanta da ƙanin mijinta? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Inna ta amsa a madadinta, ta ce ita ta gani da idonta, kuma da safiyar nan ta sa tsofaffi biyu sun taɓa marar sun ji ƙullutu. Liman ya ce in dai akwai kokwanto to sai jira, don littattafai sun ce ciki na iya kai shekara huɗu, wasu malaman suka ce biyar. Kuma ba a raba gado alhali akwai magaji a ciki, tunda ba a san namiji ne ko mace ba.

Sama'ilu ya sauke numfashi ya ce shi dai nauyi aka ƙara masa, amma wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce, zai ci gaba da riƙo har Allah ya kawo ranar. Musaddiƙ ya bar goron a kan tabarma ya hau babur ɗinsa. Lallen ya bushe a ƙoƙo, da yamma Shatu, ƙaramar 'yar, ta ɗauka tana tuwon ƙasa da shi.

Abin da Muhammadu Lawal ya bari ba dukiyar a zo a gani ba ce, amma ta isa ta riƙe gida. Fadama ce a gindin duwatsun Roni, mai rijiyoyi da injin ban-ruwa, ana cire tumatir da albasa da rani, a yi shinkafa da damina, ga mangwaro a bakin iyaka. Sai shanun huɗa biyu da babur. Da an raba, mafi yawa na yaran ne, Sadiyya da Shatu, sai tumunin Rahamatu da sudusin Inna, ɗan abin da ya rage shi ne na Sama'ilu. Da kuma namiji za a haifa, ko wannan ragowar ba zai samu ba. Amma muddin cikin na kwance, duka na hannunsa. Kowa a garin ya gane haka, ba wanda ya faɗa da ƙarfi.

Inna ita ba gona ce a gabanta ba. Muhammadu Lawal ɗanta ne na fari, kuma ta yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko a ciwon ajalinsa daga bakin ƙofa take tsayawa ta tambayi mai jiki. Ya mutu ba ta riƙe hannunsa ba. Yanzu duk abin da ta hana shi tun yana goye sai ta juye shi a kan cikin Rahamatu. Kullum da hantsi za ta shigo da kwanon jiƙo, saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci na tayar da kwantacce, ta tsaya sai an shanye, sannan ta zauna ta ɗora tafinta a kan marar tana tsokanar jikan da take jira.

"Kai malalacin miji, har yanzu barci? Tsararrakinka har sun fara rarrafe. To ka sani, in ka daɗe wani auren zan yi, ga mijina na gidan Sama'ilu ya fi ka kuzari."

Sai ta yi dariya, ta kasa kunne kamar za a ba ta amsa. Wani lokaci kuma dariyar ta ɗauke, ta sunkuya ta kai bakinta dab da zanen Rahamatu, ta kira sunan nan da ba ta taɓa kira ba, a hankali, sau biyu ko uku. In ta yi haka tsikar jikin Rahamatu tashi take yi, ta ƙame kamar itace har tsohuwar ta ɗago.

Ta sa aka saro itacen wankan jego aka jibge a gefen ɗakin Rahamatu, tsibi guda har ya kusa kai tsawon katanga. Damina ta dake shi, gara ta cinye na ƙasa, da kaka ta sa aka saro wani aka ɗora a kai. Ko ranar da babu makamashi a gidan, Rahamatu na fama da kara da kashin shanu, ba mai ikon zarar ko sanda ɗaya daga tsibin.

Takaba kuwa ta ci gaba kamar jiya aka yi mutuwar. Ba kwalli, ba turare, ba biki, ba suna, ba kwana a wani gida. Zane biyu take juyawa har suka koɗe suka koma launin toka. In larura ta fitar da ita sai ta riƙe 'yar wuƙar masu takaba ta bi gefen hanya, tana amsa gaisuwa ƙasa-ƙasa. Da farko mata na shigowa su taya ta hira. Daga baya masu ciki suka ɗauke ƙafa, wai kada nasu ya yi koyi. Yara suka sa mata suna Uwar Mai Barci, in ta wuce su sa yatsa a baki suna ce wa juna a yi shiru kada a tashe shi.

Da can tsakaninta da Sama'ilu wasa ne, irin na matar wa da ƙanin miji. Tun yana saurayi shi ke cinye mata ƙanzo, ita ke ce masa ragon da ba zai auru ba. Yanzu daga bakin zaure yake sallama ranar Juma'a, ya dire ƙwaryar dawa ya juya. Ba mai, ba gishiri, ba sabulu. A shekarar farko shanun huɗa suka tafi kasuwa, ya ce sun fara tari, gara a sayar kafin su mutu a hannunsa a ce ya yi sakaci da dukiyar marayu. Babur ya zama na hawansa, don inji in ba a tayar da shi lalacewa yake yi. Injin ban-ruwa ya fara zuwa gonarsa aro, sannu a hankali ya zauna can, aka koma kawo shi fadamar marayu aro.

Wata Juma'a ta tare shi a bakin zaure. Shatu na kwance da zazzaɓi, ta ce ko zai cire wani abu daga cinikin albasa a kai ta kemis.

"Matar Yaya, ke ma kin san ba nawa ba ne balle in ɗiba," ya ce, yana karkaɗe hularsa. "In na taɓa, haƙƙin wa na taɓa? Na Shatu, ko na wanda ke kwance? Gobe ya tashi ya ce Baffa ina rabona, in ce masa me?"

"Babu kowa a kwance, Sama'ilu. Ka sani, na sani."

"Ni namiji ne, ina zan sani? Ki je ki faɗa wa Inna haka."

Ya san ba za ta iya ba. Sau ɗaya ta taɓa gwadawa, tsohuwar ta daina cin abinci, ta koma gindin itacen jego ta zauna tana cewa ƙasa ta cinye mata ɗa, yanzu ana so a kashe mata jika da baki. Gari ya ɗauka cewa Rahamatu aure take so, shi ya sa take ƙin cikin mamaci. Maganin Shatu dai da kwanon samira ɗaya daga jerenta aka saye shi. Haka jeren ya yi ta raguwa, har bangon ɗakin ya zama fili, sai tabon inda kwanukan suka taɓa zama.

A shekara ta biyu Musaddiƙ ya gaji, ya zo ya ɗauke ta da rana ya kai ta Kazaure aka yi mata hoton ciki. Matar da ta yi hoton ta goga na'urar sama da ƙasa, ta juyo mata da allon ta ce ta duba da kanta, mahaifa wayam take, sai dai hanjinta ya kumbura, me take sha haka? Rahamatu ta yi kuka a kan gadon, kukan da ita kanta ba ta san na murna ne ko na rashi ba. Da suka dawo Musaddiƙ ya faɗa a zaure. Sama'ilu ya ce shi bai ƙi ba, amma na'ura aikinta ganin mai motsi, kwantacce kuwa naɗewa yake ya manne can baya, kowa ya san haka. Liman ya ce shi ba likita ba ne, kuma tsofaffin da suka taɓa har yanzu suna kan bakansu. Musaddiƙ ya ambaci kotu. Dattawa suka taso masa, suka ce wane irin abin kunya ne a kai surukai gaban alƙali a kan cikin mace, a tona asirin gida a bainar jama'a. Musaddiƙ shi ma mai iyali ne, damina ta kama, ga taki bai saya ba. Ya ce bari a ga bayan girbi.

Bayan girbin ne mahaifiyarsu ta kwanta. Aka bar Rahamatu ta je dubiya da sharaɗin rana ba za ta faɗi tana Gwiwa ba, tunda mai takaba ba ta kwana a waje. Sama'ilu da kansa ya kai ta a babur ɗin mijinta, ya zauna a ƙofar gida yana jira. Ta tarar da tsohuwar ta ƙanƙance, numfashi na fita da ƙyar. Uwar ta riƙe hannunta, ta shafa zanen da ya koɗe, ta ce, "Har yanzu ba su sake ki ba?" La'asar na yi aka fara danna hon a waje. Ƙannenta suka fita suka roƙe shi, suka ce jikin ba zai kai safe ba. Ya ce shi ba zai ɗauki zunubin karya takabar yayansa ba, in Allah ya kai mu gobe ya dawo da ita. Sai da aka ɓamɓare yatsun uwar daga wuyan hannunta. Suna shiga gari ana kiran magariba, suka tarar wayar rasuwar uwar ta riga su isowa.

Tun daga nan Rahamatu ta daina musu. Jiƙon Inna ta riƙa shanye shi ba sai an tsaya a kanta ba. Cikinta ya ɗan tasa ya yi tauri, ƙafafunta suka fara kumburi. Wata rana da azahar tana tankaɗe a tsakar gida, gari ya yi tsit, ta ji abu ya shure ta a ƙasan cibiya. Ta saki rariya. Ta san jiƙon ne, ta san iska ce a hanji, ta ga allon da idonta a Kazaure. Duk da haka ta dafe wurin, ta tsaya tana jira ya sake. Da ya sake sai ta ji bakinta ya ce, "Sannu." Ta waiga ko wani ya ji. Ba kowa sai babbar rigar Muhammadu Lawal, wadda Inna ta hana a bayar sadaka don mai barci ya taso ya sa, an shanya ta a igiya tana shan iska, hannayenta na kaɗawa.

Daga ranar in za ta raba wa yara abinci sai ta tsinci kanta ta ɗauko ƙaramin kwano na uku. Ta daina kwanciya rubda ciki. Wani lokaci tsoronsa take ji, wannan da ba a haifa ba kuma bai mutu ba, wanda ya fi 'ya'yanta masu rai ƙarfi a gidan ubansu. Wani lokaci kuma sai ta ga a duk garin shi kaɗai ne ba ya gudun ta.

Sadiyya, babbar, ta yi tsawo. Takalmin makaranta ya tsinke, rigar ta ɗage, ba a sake wasu ba, ta daina zuwa. Lokacin cirar tumatir sai ta bi 'yan ƙwadago zuwa fadamar ubanta, ta yini a duƙe tana cika kwanduna, da yamma Baffa Sama'ilu ya sallame ta da fasassun da mota ba za ta ɗauka ba. Ya ce gara ta koyi neman na kanta tun yanzu, shi ba zai sangarta 'yar yayansa ba. Takan dawo hannu kore shar da ƙaiƙayin ganye, ta zube fasassun a gaban uwarta. Wata yamma tana wanke hannu ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko in ƙanin nasu ya tashi zai bar su su ci mangwaron bakin iyaka. Rahamatu ta ce zai bari.

Ana cikin shekara ta uku, wata ranar da ba Juma'a ba, Sama'ilu ya yi sallama ya shigo har tsakar gida da leda a hannu, sabulu ne da man shafawa da tsire mai zafi. Ya kifa turmi ya zauna yana fara'a irin ta da. Ya ce ya yi tunani ya ga an zalunce ta, shi dama can zuciyarsa ba ta kwanta da maganar cikin nan ba, Inna ce da rikicin tsufa. Ranar Asabar zai tara Liman da dattawa, a tambaye ta da bakinta, ta ce babu, ta fita takaba, a je kotu a raba gado kowa ya huta.

Rahamatu ta tambaye shi me ya faru.

Bai ɓoye ba, don a ganinsa albishir ne. Wani Alhaji daga Kazaure na sayen fadamun gindin dutse zai yi lambu da tafkunan kifi, ya riga ya saye na maƙwabta dama da hagu, saura tasu a tsakiya. Amma mutumin mai lauya ne, ba ya sayen gonar gado sai kotu ta raba, mai riƙon marayu ya sa hannu. Kuma sauri yake yi, in ba a gama kafin damina ba zai kwashe aikin ya koma wajen Yankwashi.

"Rabon yaran fa?" ta ce.

"Kuɗi ai sun fi ƙasa auki, matar Yaya. Ni ne wasiyyinsu, zan sa musu a harkar hatsi, kafin su isa aure sun ninka. Ke kuma ki karɓi tumuninki a hannu, ki koma Gwiwa ki yi kwalliyarki. Har yanzu da sauranki. In ba don ina tsoron maman yara ba da ni zan fara bin layi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya fita ta bar ledar inda ya ajiye ta, yaran suka buɗe suka cinye tsiren. Shanu ma, masu ƙaho da ƙafa huɗu, sun shiga hannun nan sun ɓace, balle kuɗi. Fadamar ce kaɗai ta gagare shi, don ba ta ɗaukuwa a babur, kuma ba ta sayuwa sai an raba.

Da yamma ta ari wayar maƙwabciya ta kira Musaddiƙ. Ya yi hamdala, ya ce ta faɗi gaskiya ta fito, ɗakin mahaifiyarsu na nan a share, kuma akwai wani tela mutumin kirki da matarsa ta rasu, ya sha tambayarsa labarinta. Ta ce fadamar fa. Ya ce ƙasa ba ta fi lafiyarta ba, ta dubi yadda ta koma, in ta fito ma ga yadda za a yi a cire Sama'ilu daga riƙo. Ta san "ma gani" ɗin yayanta. Kafin ya gani an sa hannu, an zagaye wurin da waya. Ta ce yaran fa. Ya ce ai ta san dangin uba ba sa bari a tafi musu da 'ya'ya mata.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika, Liman da dattawa biyu da Musaddiƙ, sai Sama'ilu cikin sabuwar shadda. Ya riga ya ja wa Inna kunne kada ta sa baki, tana zaune a ƙofar ɗakinta ta rufe fuska da mayafi. Rahamatu ta durƙusa a bayan ƙyaure.

Liman ya yi gyaran murya ya ce an daɗe ana magana a kanta ba a ji daga gare ta ba, wannan kuskure ne, kuma shi ma yana ciki. A irin wannan al'amari maganar mace ita ce abin kamawa, don ita aka ba amanar abin da ke jikinta. Ta ji tsoron Allah ta faɗi abin da ta sani.

"Rahamatu, akwai ciki ko babu?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da hanyar Gwiwa. Ta hango kanta a gidan suna cikin mata, da sabon ɗinki, tana dariya da ƙarfi ba mai ce mata ta rage murya. Ta hango kuma Sadiyya da Shatu a tsaye bayan wayar Alhaji suna leƙen ƙasar ubansu. A daidai nan abin ya juya a ƙasan cibiyarta, a hankali, kamar mai gyara kwanciya. Ta dafe wurin. Ita kanta a lokacin ba ta san ƙarya za ta yi ko gaskiya ba.

"Allah gafarta Malam, yana nan," ta ce. "Yanzu ma ya motsa."

Sama'ilu ya miƙe ya ce ƙarya take yi, ita da bakinta ta ce masa babu kowa, a tashi yanzu a tafi Kazaure a yi hoto, shi zai biya. Ɗaya daga dattawan ya tambaye shi ko an sauya na'urar ne, don wadda suka sani ba ta ganin kwantacce. Liman ya ce tunda mai abu ta faɗa ba shi da ta cewa, sai a jira wa'adin ya cika. Musaddiƙ ya fito ya tsaya a kanta, ya daɗe yana kallonta.

"Kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani, Yaya."

Ya tafi bai yi sallama ba. Inna ta rarrafo ta rungume ƙugunta tana kuka tana sa mata albarka.

Kafin ruwan farko Alhajin ya kwashe aikinsa ya koma Yankwashi. Telan Gwiwa ya auri wata. Sama'ilu ya ɗauke ƙwaryar dawar Juma'a na tsawon lokaci, da surutu ya yi yawa ya dawo da ita rabi. Fadamar na nan a gindin dutse, ba a sayar ba, ba a kuma raba ba, shi ke noma ta, Sadiyya na cira, bana har Shatu ta fara bin ta. Wa'adin Liman zai cika wata rana, wani mai sayen zai zo, Rahamatu ta san da haka. Iyakar abin da ta iya ke nan.

A garin wasu sun ce ta taɓu, wasu sun ce wayo ne da ita. Game da Sama'ilu ba a ce komai ba. Yana sahun gaba a masallaci, in ana lissafin mutanen kirki ana cewa ga wanda ya riƙe marayun yayansa. Muhammadu Lawal ya ɗauka jini ɗaya ya isa shaida, ya faɗi magana guda a bakin mutuwa ya juya fuskarsa bango, aka ɗauki maganar aka ɗaure matarsa da ita. Ga baffa, ga kawu, ga Liman, ga dattawa, ga kotu a Roni ƙofarta a buɗe, amma ba a sami mai tsare wa yara biyu ƙasar ubansu ba sai yaron da ba a taɓa haifa ba. Rahamatu kuwa kullum da hantsi tana karɓar kwanon jiƙo ta shanye, ta dafe mararta tana roƙon kada ya tashi, kada kuma ya tafi.